Wayar Oga Ƙwas

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa na bar baiwar Allah a ɗaki tana haɗiyar baƙin ciki, na ji ku. Ku gyara zama, yau ta fito.

Tun ranar da Manaja ya tara ma'aikata ya ce ita ce ta kai sirrin kamfani wurin 'yan tsallake, Uwar Ofis ba ta sake taka ƙofar wurin aiki ba. An ce ta zauna a gida har a gama bincike. Binciken da har yau ba wanda ya ga ana yi.

Kwangilar kujeru da teburan sabon otal ce ta kuɓuce musu. 'Yan tsallake, kamfanin da ke ɗaya ɓangaren titi yana irin sana'arsu, sun riga su zuwa wurin mai otal da irin zanensu, da irin katakonsu, har da ranar da suka shirya cewa za su kawo kaya. Mutum uku ne suka zauna mitin ɗin da aka tsara wannan: Manaja, da akawu, da ita sakatariya. Akawu abokin Manaja ne. Ita kuwa mijin ƙanwarta direba ne a wurin 'yan tsallake. Shi ke nan, an samu wuyan da za a rataya wa jakar tsaba.

Ta kira Hajiya, mai kamfanin, wadda ciwon gwiwa ya hana zuwa ofis tun bayan rasuwar maigidanta. Amma Manaja ɗan ƙanin Hajiya ne, kuma ya riga ta kai magana. Hajiya ta ce mata a sanyaye, ta yi haƙuri ta bari yaron ya gama bincikensa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, cikin ruɗewa ta je har gidan ƙanwarta ta tsare mijin da tambaya, ko ya taɓa buɗe mata jaka. Tun daga ranar ƙanwar ba ta ƙara ɗaga wayarta ba.

Yau da safe saƙon Manaja ya shigo. Ta zo ofis. Ko dai ta tsaya gaban ma'aikata ta ba da haƙuri a rufe maganar, ko ta ajiye makullai ta kama gabanta.

Tana durƙushe tana neman takalminta ɗaya a ƙarƙashin gado, wayarta ta yi ƙara. Injiniya ne, mai gyaran wayar da duk ofishin suke kai wa aiki.

"Anti, ina kwana. Kayan Oga ya iso fa."

"Wane kaya?"

"Na wayarsa mana. Gwiwar da na ce sai an yo oda. Na kira shi bai ɗaga ba, na ce bari in neme ki, tunda ke kike kawo min ita."

"Ni ban kawo maka ita ba kwanan nan."

"E, wannan karon da ƙafarsa ya zo, ni ma sai da na yi mamaki. Ki dai ce masa ya kawo ta da wuri, kafin ta sake yi masa irin ta rannan."

Ta miƙe da takalmi a hannu.

"Me ta yi masa rannan?"

"Au, bai gaya miki ba?"

"Kana shago?"

"Ina nan."

"Kada ka je ko'ina."

*

Shagon Injiniya ɗan tsukuku ne a layin masu waya, mutum biyu in suka shiga sai ɗaya ya karkace. Fitila a kan tebur, warin dalma, da faranti cike da ƙananan kusoshi. Shi kansa dattijo ne mai furfura a gemu, kuma Allah ya yi shi da son bayani. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya gaya maka yadda ake haɗa agogo.

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata waya mai naɗewa.

"Kin ga wannan? Irin ta Oga ce sak, wani lauya ya kawo ta. Anti, tsakani da Allah, in don kyau ne ba a yi kamarta ba. Ki naɗe ta, ta shige aljihun riga kamar ba ta nan. Gilashin ciki a rufe yake, makulli ba zai karce shi ba. Saƙo ya shigo, ga ɗan ƙaramin gilashi a baya, ki leƙa ba sai kin buɗe ba. In mitin ne ta bidiyo, ki lanƙwasa ta rabi ki ajiye a kan tebur, ta tsaya da kanta."

"Injiniya, ban zo sayen waya ba."

Ai ita za a gaya wa? Tun ranar da Manaja ya sayo wayar nan ofishin bai huta ba. Baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa an nuna masa waya. Wai wayar manyan 'yan kasuwa ce, wai ba ta kowa da kowa ba ce. Kuma ba ya kara ta a kunne kamar sauran bayin Allah, sai dai ya tsayar da ita kan tebur ya sa a sifika, ya jingina da kujera yana magana duk bene yana ji. In ya gama, ba sallama ba komai, ya kai hannu ɗaya ya maƙe ta, ƙwas. Da haka yake katse masu kawo katako, da haka yake katse direbobi suna tsakiyar bayani. Kafintoci ne suka fara kiransa Oga Ƙwas a bayan idonsa, sunan kuma ya bi shi.

"Me ta yi masa?" ta sake tambaya.

"Yanzu zan zo wurin. Kin ga nan inda take naɗewa? Nan ne gwiwarta, nan ne kuma rauninta. Ba ta son ƙura ko kaɗan. Shi kuma Oga sai ya sauka da ita wurin kafintoci, ya tsayar da ita kan benci yana ɗaukar kansa bidiyo, injin yana feso garin katako. Da na leƙa cikinta, abin da na gani ya isa a cika matashi."

"Sai me?"

"Ga kuma maƙe ta da yake yi da ƙarfi. Akwai wani ɗan abu a ciki, shi ke gaya wa wayar an rufe ta, sai ta katse kira. To nasa ya mutu. Yanzu in ya rufe, ita a wurinta a buɗe take. Ƙaramin gilashin bayan ma ya ɗauke, baƙi ƙirin, ba abin da zai nuna maka kira yana tafiya."

Uwar Ofis ta laluba kujerar roba ta zauna.

"Kana nufin in ya rufe, na can yana ci gaba da ji?"

"Tas. Ai tambayar da ya zo da ita ke nan. Ya shigo yana gumi, ya ce, Injiniya, in mutum ya rufe wayar nan, na can zai iya jin sa? Na ce a ƙa'ida a'a, amma mu gwada. Na kira shi da tawa, ya ɗauka, ya rufe, na fita har bakin titi. Anti, har tarin da ya yi sai da na ji."

"Me ya ce?"

"Kan kujerar nan da kike ya zauna, ya dafe kai. Ya ce, shi ke nan, Alhaji ya ji komai. Ni dai ban tambayi wane Alhaji ba, ba ruwana."

Ita ba ta buƙatar tambaya. Ranar mitin ɗin ta shiga ofishinsa da zanen kujeru a hannu, ta same shi yana ƙyaƙyata dariya da wani a sifika, wani mai dusasshiyar murya. Muryar Alhajin tsallake ce, mai wancan kamfanin, ta sha ɗaukar kiransa tun zamanin marigayi mijin Hajiya. Ba ta kawo komai a ranta ba, don 'yan kasuwa suna gaisawa ko suna gasa. Manaja ya ce, sai mun yi magana Alhaji, ya yi ƙwas, ya ajiye wayar a tsakiyar tebur. A gefenta suka baje zanen. A kanta suka yi magana tun daga launin yadi har ranar kai kaya.

"Yaushe ya zo nan?"

"Washegarin ruwan nan da ya shiga mana shaguna. Ina cikin shanya kwalaye ya iso."

Ranar ruwan aka kira su aka ce kwangila ta tafi. Sai bayan kwanaki ya tara ma'aikata a kanta.

Wato ya sani. Lokacin da ya tsaya gaban kafintoci da direbobi da mai shara yana nuna ta da yatsa, ya sani. Lokacin da ya girgiza kai ya ce amana ta yi ƙaranci a duniya, wayar tana cikin aljihun rigarsa, kuma ya san abin da ta yi. Matar da ta koya masa yadda ake rubuta takardar neman kwangila, matar da ta sha rufa masa asiri in ya makara, ita ya zaɓa ya shafa wa kashin kaji don kada a ce wayar Oga ta yi tsiya. Ranta ya ɓaci.

"Injiniya, za ka maimaita wannan maganar gaban Hajiya?"

Nan take son bayanin ya gudu. Ya ajiye wayar lauya, ya shiga gyara kusoshin da ba su nemi gyara ba.

"Anti, wace magana kuma?"

"An dakatar da ni daga aiki a kan abin da wayar nan ta yi."

"Subhanallahi. Wallahi ban sani ba." Ya sosa gemu. "Amma ki duba, ni mai gyara ne. Mutane suna kawo min waya ne don sun san bakina ba ya fita da abin da na gani."

"Bakinka?"

"To, yau dai ya zame. Ki rufa min asiri, Oga ne ke turo min duk yaranku. Ina da iyali."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ba ta ga laifinsa sosai ba, amma ta ji haushinsa.

"Me ya sa bai bar ta a nan ba, tunda ya san ta lalace?"

"Na ce ya bari, ya riƙe wata kafin kaya ya iso. Ya ce shi ba zai shiga mitin da wayar yara ba. Kuma kin san irinta, kayan gyaranta ba a samu a gari, batirinta ma kafin la'asar ya kwanta, amma ya nace. Na ce to, duk kiran da ya gama ya riƙa danna jan madanni kafin ya rufe. Sai dai kin san Oga, hannunsa ya riga ya saba."

"Ba ni kayan."

"Anti..."

"Ba ka ce in gaya masa ba? Zan kai masa da hannuna."

Ya miƙa mata 'yar leda mai ɗauke da wani siririn ƙarfe. Ta jefa a jaka ta fita ba sallama.

*

Ta ƙofar gaba ta shiga, ta ratsa ɗakin baje kaya. Masu goge tebura suka ga shigowarta, kowa ya ƙara duƙufa kan abin da yake gogewa. Daga baya injin yanka katako yana ta kuka. Akawu ya leƙo ta taga, ya gan ta, ya mayar da kai kamar kunkuru.

A kan teburinta wani ya ajiye kwanon abincinsa. Furen da take ba wa ruwa kullum ya bushe a tukunya. Wannan ma ya ƙara mata wuta.

Tana kan matakalar ƙarshe ta ji ƙwas daga cikin ofishinsa. Sauti ne da kunnenta ya saba da shi kamar ƙarar fanka. Ta tura ƙofar ba tare da ta ƙwanƙwasa ba.

Manaja yana jingine, ƙafa ɗaya kan ɗaya, wayar a naɗe a gefen hannunsa.

"Malama, ba a koya miki ƙwanƙwasa ƙofa ba?"

"Ni na koya maka."

Ya ɗaga gira. Bai saba jin wannan muryar daga gare ta ba.

"Na ga zaman gida bai sauke miki kai ba. To, kin yanke shawara? In haƙuri za ki bayar, yanzu in sa a tara yara."

Ta buɗe jaka ta ajiye makullan ofis a kan tebur. Murmushi ya fara zuwa bakinsa. Sai ta ajiye 'yar ledar a gefen makullan.

"Mene ne wannan?"

"Saƙo ne daga Injiniya. Ya ce gwiwar ta iso."

Murmushin ya tsaya a rabin hanya. Ya sauke ƙafarsa.

"Wa ya aike ki wurinsa?"

"Allah."

"Wayata ta ɗan samu matsala, ina ruwanki?"

"'Yar matsala. In ka rufe ta ba ta katse kira, wannan ce 'yar matsalar?"

"Ki rage murya."

"Ranar da ka tara min ma'aikata ka rage taka?"

Ya tashi ya je ya tura ƙofar da kyau, ya dawo yana gyara wuyan riga.

"Malama, kin ji surutun mai gyara kin zo kina min hauka a ofis."

"Da wa kake waya ranar mitin kafin in shigo?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Da Alhajin tsallake. Ka rufe wayar ka ajiye ta nan, daidai inda take yanzu. Muka zauna muka karanta masa komai kamar 'yan makaranta gaban malami. Washegarin ruwa ka ruga wurin Injiniya, kuka gwada, ka dafe kai ka ce Alhaji ya ji komai. Ƙarya na yi?"

Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin na'ura.

"Oga, da kuskuren ne kaɗai, wallahi da ni zan fara rufa maka. Waya ce, kowa tasa tana lalacewa. Amma ka sani, ka kwana da sanin, ka tashi da sanin, sannan ka dubi tsabar idona ka kira ni maciya amana. Ka san ƙanwata ba ta magana da ni? Na je na tsare mijinta kamar ɓarawo, mutumin da ba ya ko zama in ina tsaye. 'Yata ta dawo daga makaranta tana tambaya ta ko gaskiya ne an kore ni don na yi sata. Me na yi maka?"

"Ba wanda ya ce kin yi sata."

"Magana in ta fita daga nan ai ba ta tsayawa yadda ka faɗe ta."

Ya zauna. Sannan ya saki wata 'yar dariya ta raini, irin ta wanda ya lissafa ya ga ba abin da za a iya yi masa.

"To, a ce haka ne. Wa zai yarda da ke?"

"Hajiya."

"Da wace shaida? Injiniya? Ki je ki kawo shi mu gani. Mutumin da in na ɗauke masa yaranmu sai ya rufe shago."

Nan ya same ta, kuma ya ga ya same ta.

"Kin ga, Malama, ni ba mugu ba ne. Dole ce ta sa. Kwangila irin wannan ba ta tafiya a ce ba wanda ya yi laifi. In na je na ce wa Gwaggo wayata ce, me kike so yaran ƙasa su mayar da ni? Da ma ina jin sunan da suke kirana. Ke kuwa ko ba komai ga mijin ƙanwarki a can, magana ta zauna daidai."

"Ta zauna daidai."

"Haƙuri kawai za ki bayar. Kalma biyu. In ce na yafe, ki koma kan teburinki, kowa ya manta."

"In tsaya gaban yaran da na ɗauka aiki da hannuna in ce ni munafuka ce, don kai ka ci gaba da ƙwas?"

"Ki daina faɗin wannan kalmar."

"Hajiya za ta ji. Ko a ƙofar gidanta zan kwana sai ta ji."

"Gwaggo?" Ya karkata kai yana dubanta kamar yarinya. "Gwaggo abin da na zuba mata a kunne shi take sha. Tsohuwar da ba ta san bambancin katakon kujera da na wuta ba. In na ce mata rana daga yamma take fitowa, sai ta ce Allah ya yi min albarka. Yanzun nan ma na gama gaya mata yau za ki amsa laifinki."

Uwar Ofis ta ji zafin wannan kusan kamar nata. Hajiya ce ta ɗauko shi yana yawon neman aiki da takardu a leda, ta ɗora shi kan kujerar mijinta, mutane suna ta gunaguni.

"Matar da ta riƙe ka kake faɗa wa haka?"

"Riƙo? Ta ajiye ni ina gadin kangon mijinta dai." Ya matso da kujera, ya sassauta murya. "Bari in gaya miki abin da ko akawu bai sani ba, don ki san ina sonki da alheri. Kin ɗauka gaisuwa ce ta sa nake waya da Alhaji rannan? Kujera ya yi min alkawari a can. Babban ofis, da mota. Wata mai kamawa zan tsallaka."

"Mutumin da ya yi shiru a waya ya kwashe mana komai?"

"Kasuwa ce. Da farko na ji haushi, amma ya kira ni ya ce ko ba komai na nuna masa ina da amfani. Masu kawo mana katako ma da su zan tafi, na gama magana da su. In na fita, wurin nan ko shekara ba zai kai ba. Saboda haka ki yi wa kanki faɗa. Ki ba da haƙurin nan, ki lallaɓa, in na zauna a can in aiko a ɗauke ki. Ga ki ga mijin ƙanwarki, sai ku shirya."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Gyararren gemu, agogo mai sheƙi, turare har ƙofa. Ta rasa abin da ya fi ba ta takaici, ƙazafin da ya yi mata ko yadda ya ɗauka ita ma za a iya sayenta da kujera.

"Allah ya kiyaye ni da alherinka."

"To ki bar makullan ki fita. In kika sake taka ƙofar nan mai gadi zai fitar da ke. Kuma duk inda kika je neman aiki, sai labarinki ya riga ki isa, ni zan tabbatar."

Idonta ya ciko, amma ta rantse a ranta ba zai ga hawayenta ba. Ta saɓa jaka. Ba ta da shaida, ba ta da kowa, sai gaskiyar da ba wanda zai saya. Ta juya ta nufi ƙofa.

"Ɗan nan."

Ta tsaya cak.

Muryar ba daga ƙofa ta zo ba, ba kuma daga taga ba. Daga kan tebur ta fito, daga cikin wayar da ke naɗe a gefen makullai, ƙaramin gilashinta baƙi ƙirin.

Manaja ya zabura har kujerar ta bugi bango.

"Gwa... Gwaggo?"

"Ka ce za ka sake kira na, na ji ka rufe. Ni kuma ina shafa maganin gwiwa, hannuna duk mai, ban samu na kashe ba." Muryar Hajiya a kwance take, ba hayaniya. "Ashe rabon in ji ne."

"Gwaggo, wallahi ba yadda kika ji ba ne, matar nan ce ta..."

"Tsohuwar da ba ta san katako ba tana magana, ka yi shiru."

Bakinsa a buɗe, hannunsa yana shawagi a saman wayar, ya rasa ko ya taɓa ta ko ya bari.

"Buɗe ta. Ka tsayar da ita kan tebur yadda ka nuna min tana tsayuwa da kanta, ka kunna bidiyon. Ina son in ga fuskarka."

Bai motsa ba.

"Uwar Ofis, kina nan?"



"Ina nan, Hajiya."

"Na zalunce ki, 'yata. Wannan tsakanina da ke ne, zan zo in faɗa gaban yaran da aka tara miki. Makullan suna ina?"

"Ga su a kan tebur."

"Ɗauki abinki. Ki fita ki kulle masa ƙofar ta waje, kada ya fita da ko takarda ɗaya. Direba yana fito da mota."

Uwar Ofis ta dubi makullan. Manaja ma ya dube su.

Su biyun suka kai hannu a tare.